Intanet Na Nan, Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Fashin Baƙi Kan Ɗaukewar DNS a Rautar Gida

Bidiyo na tafiya a talabijin lafiya ƙalau, kiran murya bai yanke ba, fitilun rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, duk suna ci yadda suka saba. Amma ka rubuta adireshin wani shafi a waya, burauza ta yi ta juyi, can ta ce ba ta gano shafin ba. Ka sake dannawa, ya buɗe garau kamar ba shi ba. Bayan awa biyu abin ya dawo, a wani shafin daban. Irin wannan matsala takan sa mutum ya fara zargin kansa, domin da zarar ka kira wani ya gani da idonsa, sai ta ɓuya.

Sau da yawa layin intanet ɗin ba shi da laifi. Abin da ke ɗaukewa shi ne tambayar suna, wadda ake kira DNS. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Idan ka rubuta wikipedia.org, kafin wayarka ta iya aika ko harafi ɗaya zuwa can, sai ta tambayi wani ya gaya mata lambar adireshin IP da ke bayan sunan. A farkon zamanin intanet fayil guda ne, HOSTS.TXT, ke ɗauke da sunayen dukkan kwamfutoci, wata cibiyar bincike mai suna SRI a Kalifoniya ke kula da shi, kowa ya je ya kwafo. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, aka sabunta ƙa'idojinsa a 1987, kuma a kansu ake tafiya har yau.

A gida tambayar tana bin hannuwa da dama. Lokacin da waya ta hau Wi-Fi, rauta ke ba ta adireshi ta hanyar DHCP, tsarin raba wa na'urori adireshi, ta kuma gaya mata wanda za ta riƙa tambaya suna. Yawancin rautoci kansu suke nunawa, su ce a tambayi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Amma rauta ba ta san amsar ba, 'yar aike ce kawai. Takan miƙa tambayar ga sabar kamfanin da ke ba ka intanet, ita kuma idan ba ta da amsar a ajiye sai ta fara daga sabobin tushe, waɗanda ke da sunaye 13 daga A zuwa M, ta gangaro ga masu riƙe da .org, ta kai ga sabar da ke da iko da sunan kansa. Duk wannan zirga-zirga cikin ƙiftawar ido ake gama ta. Ko'ina a wannan hanya ana iya yin tuntuɓe, amma wanda yake hannunka shi ne daga waya zuwa rauta, da kuma zaɓin wanda rauta ke tambaya.

To me ya sa abin ke zuwa yana tafiya, maimakon ya lalace gaba ɗaya a huta? Dalilai biyu ne, kuma duk a cikin tsarin kansa suke. Na farko, tambayar DNS ta gargajiya tana tafiya ne ta hanyar UDP a ƙofa ta 53, lambar mashigar da aka ware wa DNS, wato jefa saƙo ake yi ba tare da an jira shaidar isarsa ba. Ƙunshin bayanai ɗaya ya tafi, ƙunshi ɗaya ya dawo. Idan ɗaya ya salwanta a hanya babu mai sanar da kai, sai dai mai tambaya ya gaji da jira ya sake. A yawancin kwamfutoci masu Linux, jiran da aka saba daƙiƙa 5 ne kafin a sake gwadawa. Bidiyo kuwa yana da ajiyar daƙiƙu da yawa a gaba, kuma ana sake aiko masa duk abin da ya ɓata, saboda haka asarar da ba za ta ko girgiza shi ba tana iya tsayar da buɗe shafi cak.

Dalili na biyu shi ne ajiyar wucin gadi. Kowace amsa tana zuwa da wa'adinta, wanda ake kira TTL, yawan daƙiƙun da aka yarda a riƙe ta kafin a sake tambaya. Burauza tana ajiyewa, kwamfuta tana ajiyewa, rauta tana ajiyewa. Don haka ko da hanyar tambaya ta toshe na minti ɗaya, shafin da ka buɗe ɗazu zai ci gaba da buɗewa, bidiyon da ya riga ya haɗu da sabarsa ba ya buƙatar sake tambaya, sai sabon suna kawai ko wanda wa'adinsa ya ƙare ne zai faɗa ramin. Ajiyar da aka yi domin sauri, ita ce ke rufa wa matsalar asiri. Har amsar "babu wannan suna" ma ana ajiye ta, bisa wata ƙa'ida ta 1998, shi ya sa kuskure na daƙiƙa ɗaya kan iya maƙale maka na mintuna. A Windows, umarnin ipconfig /flushdns yana share ajiyar da ke cikin kwamfutar.

A nan ne nake ganin mutane da yawa ke yin kuskure. Da abin ya faru sai a cire wutar rauta a mayar, ya gyaru, a ce an gama. Kashewa da kunnawa na share ajiya, yana kuma share shaida. Ruwa ba ya tsami banza, amma kai ka zubar da ruwan kafin ka ɗanɗana. Matsalar da ke zuwa tana tafiya ana kama ta ne a lokacin da take faruwa, kuma hanyar kama ta ɗaya ce: ka yi tambaya iri ɗaya ga masu amsa biyu a lokaci guda, ka ga wanda ya yi shiru.

Ga yadda ake yi. Ka bar tagar umarni, wato Command Prompt a Windows, a buɗe a kwamfuta, kana jira. Da shafi ya ƙi buɗewa, fara da ping 192.168.1.1, ko duk adireshin da rautarka ke da shi; ping umarni ne da ke gwada ko na'ura na amsawa. Idan nan ma ana samun ɓatan ƙunshi, ba ka da matsalar DNS, Wi-Fi ɗinka ne ke tangarɗa, sai ka haɗa kebul ka sake gwadawa. Idan rauta na amsawa lafiya, yi ping 8.8.8.8. Wannan lamba ce tsura, ba ta buƙatar tambayar suna. Idan ta ƙi, layin ne ya ɗauke tsakaninka da kamfani. Idan ta amsa amma suna ya ƙi, to an zo wurin. Sai ka rubuta nslookup wikipedia.org 192.168.1.1, nan take ka bi shi da nslookup wikipedia.org 1.1.1.1. Na farko rauta ka tambaya, na biyu kuwa ka tsallake ta ka tambayi sabar Cloudflare kai tsaye. Ka zaɓi sunan da ba a buɗe ba kwanan nan a gidan, in ba haka ba rauta za ta amsa maka daga ajiyarta ta wanke kanta.

Idan rauta ta yi shiru sabar waje ta amsa, laifin na rauta ne ko na wanda take tambaya. Domin raba su, shiga shafin saitin rauta ka duba adireshin sabar DNS da kamfani ya ba ta, ka tambayi wannan adireshin kai tsaye da nslookup. Idan shi ma ya yi shiru, rauta ta fita, sabar kamfani ce. Idan ya amsa, rauta ce ke riƙe saƙo. Idan kuwa duk sabobin waje suna ƙin amsawa lokaci guda alhali ping na tafiya, wani abu ne a hanya ke cinye ƙunshin ƙofa ta 53.

Kuma ka karanta irin amsar da aka ba ka, don ƙin amsawa kala-kala ne. NXDOMAIN na nufin an amsa maka, an ce sunan babu shi. SERVFAIL na nufin sabar ta yi ƙoƙari ta kasa. REFUSED na nufin ta ji ka amma ba za ta yi maka aiki ba. Idan lokacin jira ya ƙare babu komai, ko tambayar ba ta isa ba ko amsar ba ta dawo ba. Burauza takan dunƙule su duka cikin saƙo kusan iri ɗaya, amma kowanne da inda yake nuna yatsa. Shiru yakan nuna cunkoso ko ɓatan ƙunshi. SERVFAIL yakan nuna matsala a sabar gaba ko a tantance sa hannun da ke tabbatar da sahihancin amsa. NXDOMAIN a kan sunan da ka tabbata yana nan kuwa yakan nuna tacewa ko tsohuwar ajiya.

Mai laifin da na fi zargi kafin kowa shi ne gurbi na biyu. Kusan kowace rauta tana da gurabe biyu na DNS, na farko da na biyu, kuma mutane sun ɗauka na biyun yana zaune ne yana jira sai na farko ya mutu. Ba lallai ba ne. Rautoci da yawa suna amfani da wata ƙaramar manhaja mai suna dnsmasq, wadda Simon Kelley ya rubuta, kuma a saitinta na asali ba ta bin jeri. Tana gwada sabobin da ta sani, ta karkata ga wadda ta ga tana amsawa, lokaci-lokaci ta sake gwaji. Wayoyi da kwamfutoci ma kowanne da salonsa na zaɓi. Idan ɗaya daga cikin biyun ta mutu, ko tana jan ƙafa, ko an yi kuskuren lamba ɗaya wajen rubuta ta, wasu tambayoyi za su riƙa faɗa mata, a jira, a gaji, a koma ga ɗayar. Sakamakon shi ne ainihin abin da aka fara da shi: danna farko ya ƙi, na biyu ya buɗe.

Abin ya fi rikicewa idan sabobin biyu ba ra'ayinsu ɗaya ba. A ce ka sa Quad9, wato 9.9.9.9, wadda ke toshe sunayen da aka sani da cutarwa, a gurbi na farko, ka sa wadda ba ta tace komai a na biyu. Ko ka kafa manhajar Pi-hole a gida domin toshe tallace-tallace, sannan ka ƙara 8.8.8.8 a matsayin madadi don gudun ko-ta-kwana. Suna ɗaya zai riƙa samun amsa biyu, yau a toshe gobe a buɗe, ya danganta da wanda aka tambaya. Babu abin da ya lalace a nan, kowanne aikinsa yake yi. Maganin shi ne gurabe biyun su kasance na gida ɗaya: 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, ko 1.1.1.1 da 1.0.0.1 na Cloudflare. Kuma a gwada kowanne shi kaɗai da nslookup kafin a yarda da shi.

Akwai gurbi na uku da ba ya fitowa fili. Idan IPv6, sabon tsarin adireshin IP, na aiki a gidanka, rauta na iya sanar da na'urori wata sabar DNS ta daban ta wannan hanyar, ba tare da ta shafi abin da ka rubuta a guraben IPv4, tsohon tsarin, ba. Ka canza lambobi ka koma gefe kana murna, wayarka kuwa tana can tana tambayar tsohuwar sabar. A Windows, ipconfig /all zai jero maka duk sabobin da kwamfutar ke amfani da su. Idan ka ga wani dogon adireshi mai ɗigo bibbiyu (:) a jerin, shi ma ka gwada shi. Kashe IPv6 na kwana ɗaya gwaji ne mai kyau. Barin sa a kashe har abada kuwa, a ganina, ɓoye ciwo ne.

Sai batun nauyi. Rautar gida ƙaramar kwamfuta ce mai ƙaramin ƙwaƙwalwa. A saitin asali, dnsmasq tana riƙe sunaye 150 a ajiya, kuma ba ta barin tambayoyin da ke jiran amsa su wuce 150 a lokaci guda. A ranar lafiya wannan ya isa har ya yi yawa, tunda kowace tambaya ba ta daɗewa. Amma da sabar gaba ta fara jinkiri, tambayoyi sai su taru. Shafi guda na zamani kan jawo sunaye da dama, ga talabijin, ga kyamarori, ga wayoyin kowa, kuma duk wanda bai sami amsa ba sake tambaya yake yi, ya ƙara wa layin tsawo. Idan aka cika, sababbin tambayoyi ba sa samun shiga har sai an ragu. Idan rautarka tana nuna kundin abin da ke gudana a cikinta, nemi layin da ke cewa an kai iyakar tambayoyi, za ka ga lamba 150 a ƙarshensa. Wani lokaci na'ura ɗaya ce tak ta haukace tana tambayar suna ɗaya babu ƙaƙƙautawa, kuma cire ta daga Wi-Fi ke kawo sauƙi.

Makamancin haka yakan faru idan hanyar aikawa ta cika. Waya ta fara kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, ko wani yana ɗora babban fayil, sai ƙunshin tambayar suna, duk ƙanƙantarsa, ya tsaya a bayan dogon layi ko a watsar da shi. Alamar ita ce lokacin ping ya yi tsalle daga 'yan milisakan zuwa ɗaruruwa daidai lokacin da shafuka ke ƙi. Canza sabar DNS ba zai yi komai a nan ba. Abin da ke taimakawa shi ne saitin tsara layi da wasu rautoci ke da shi, wanda ake kira SQM, ko rage saurin mai ɗorawa.

Idan kuwa sunaye ƙalilan ne ke ƙi, kuma kullum su ne, ka yi tunanin girman amsa. Ƙa'idar 1987 ta taƙaita amsar UDP ga bayit 512. An ƙara faɗin a 1999 da wani tsari mai suna EDNS, amma babbar amsa takan tsage gida biyu a hanya, musamman a layin PPPoE, hanyar haɗi da wasu kamfanoni ke amfani da ita, inda iyakar ƙunshi bayit 1492 ce maimakon 1500, kuma wasu na'urori watsar da gutsattsari suke yi. Saboda haka ne a 2020 manyan masu rubuta manhajojin DNS suka yi ittifaƙi a kan bayit 1232, abin da ya wuce haka a sake tambaya ta TCP, hanyar da ke tabbatar da isar saƙo. Sai dai akwai rautoci da katangun tsaro da ke toshe TCP a ƙofa ta 53, bisa zaton DNS ba ya buƙatarsa. Gwajin mai sauƙi ne: nslookup -vc yana tilasta tambaya ta TCP, haka ma dig +tcp, idan kana da dig, wani umarnin tambayar suna irin nslookup. Idan UDP na amsawa TCP na ƙi, ka gano bakin zaren.

Akwai wata tangarɗa mai ban dariya da ta shafi agogo. Yawancin rautocin gida ba su da batirin riƙe lokaci, duk sanda aka kunna su sai sun tambayi intanet ƙarfe nawa. Idan an kunna tantance sa hannu na DNSSEC, tsarin da ke kare amsoshi daga jabu, kowane sa hannu yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma rautar da ke zaton shekarun baya take za ta ƙi amincewa da su, ta ce SERVFAIL. Kafin ta gyara agogo kuma sai ta nemi sunan sabar lokaci, wanda shi ma DNS ne. Idan matsalarka ta fi bayyana bayan ɗaukewar wuta, duba agogon rauta. Da dig +cd ana iya cewa a tsallake tantancewar, idan amsa ta fito to an san inda abin yake.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Idan ka haɗa rautarka a bayan ta kamfani, ko ka ƙara na'urar faɗaɗa Wi-Fi, ka tabbata guda ɗaya ce ke raba adireshi, domin DHCP biyu a gida ɗaya na nufin kowace waya ta bi wanda ya riga amsa mata. Cajar rauta da ta tsufa ko zafi mai yawa na iya sa ta sake kunna kanta a ɓoye, kuma adadin lokacin da ta yi tana aiki, da ke shafin saiti, zai tona hakan. Idan kuma ka tarar da lambobin DNS da ba kai ka sa ba, ba kuma na kamfani ba ne, ka ɗauki abin da muhimmanci: ɓarayi kan sauya su domin karkatar da mutane zuwa shafukan bogi. Mayar da rauta saitin masana'anta, sabunta manhajar cikinta, canza kalmar sirrin shiga.

Wani abu da ke ɓata gwaji a wannan zamani shi ne na'urori da yawa sun daina tambayar rauta kwata-kwata. Tun daga Android 9 a 2018 akwai saitin DNS na sirri da ke bi ta ƙofa ta 853, kuma Firefox da Chrome suna iya aika tambaya a ɓoye cikin HTTPS. Manhajar VPN ma takan kafa nata. Idan waya ɗaya ce ke fama sauran na lafiya, ko burauza ɗaya a kwamfuta ɗaya, fara daga can ka ƙyale rauta. Akasin haka ma na faruwa: burauza na buɗe komai saboda ta tsallake rauta, sauran manhajoji kuwa na ƙi.

Ba kullum ne laifin ke cikin gida ba. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka yi wa Dyn, kamfanin da ke riƙe sabobin sunan manyan shafuka, ruwan tambayoyin bogi daga tarin na'urorin da muguwar manhajar Mirai ta kama, manyan shafuka irin su Twitter suka yi ta ɗaukewa a Amurka da Turai. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan awa shida, saboda sabobin sunansu sun fita daga taswirar intanet. A irin waɗannan ranaku gwajin masu amsa biyu zai nuna duk sun kasa a kan suna ɗaya, sun amsa sauran, kuma babu saitin da za ka taɓa ya taimaka.

Game da shawarar da kowa ke bayarwa, wai a sa 8.8.8.8 a huta, ba ƙarya ba ce, amma rabi ce. Wuri biyu ake iya sa ta, kuma sakamakonsu ya bambanta. Idan ka sa a ɓangaren WAN, wato saitin haɗin rauta da kamfani, ka canza wanda rauta ke tambaya ne, har yanzu ita ce 'yar aike. Wannan yana magance matsalar sabar kamfani kaɗai. Idan ka sa a ɓangaren DHCP, na'urori za su riƙa tsallake rauta su tambayi waje kai tsaye, wannan kuwa shi ke magance rautar da ke riƙe saƙo, sai dai za ka iya rasa kiran na'urorin gida da sunayensu, kamar firinta. Gwajin da ka yi tun farko shi zai gaya maka wanne kake buƙata. Na'urori kuma ba sa ɗaukar sabon saitin DHCP sai sun sauka daga Wi-Fi sun sake hawa.

Bayan kowane canji, abu ɗaya kawai ka taɓa, ka ba shi aƙalla ninki biyu na tazarar da matsalar ta saba ɗauka kafin ta dawo. Idan sau ɗaya take zuwa a yini, kwana biyu ke nan. Wanda ya iya rubuta ɗan gajeren umarni mai maimaita kansa, ya sa kwamfuta ta riƙa tambayar rauta da sabar waje duk bayan daƙiƙa 30, tana rubuta lokaci da amsa a fayil. Da safe sai ya duba: idan gazawar na zuwa a daidai awa ɗaya kullum, ya nemi abin da ke tashi a wannan lokacin, ko sabunta adireshin da kamfani ke yi ko wayar da ke kwashe hotuna. Idan kuma fayil ɗin ya nuna sabar kamfani ce ke shiru alhali ta waje na amsawa, shi zai aika musu, da ranaku da lokuta da adireshin sabar a jere.